Mai Wanki a Rigar Gimbiya

Nives Zanirato ta sauka daga jirgin ƙasa a Ferrara wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ranar wata Alhamis ta watan Oktoba. Ba ta nemi tasi ba. Ta ja akwatinta mai taya ta bi titi a ƙafa, masu kekuna suna ta kaɗa mata ƙararrawa, ita kuwa ko gezau. Shekarunta sittin da uku, talatin da takwas daga ciki a Torino ta yi su tana koyar da 'yan firamare har ta yi ritaya. Rabonta da garin haihuwarta shekara huɗu ke nan, tun ranar da aka binne mahaifiyarsu. A ranar ne ma ta sa hannu ta bar wa ƙaninta Ermes gidan gado, ta ce ya yi yadda ya ga dama da shi, don ita ba ta ga abin da za ta yi da ɗakuna goma sha huɗu masu yoyo ba.

Shafi ɗaya na mujalla ne ya dawo da ita. Wata tsohuwar maƙwabciyarsu ce ta yago ta aiko mata ta gidan waya, ta rubuta a gefe da biro: "Zo ki ga abin da ƙaninki ya yi da uwarku." Nives ta karanta shafin sau uku a tsaye, sannan ta kama ɗaki na kwana biyu a gidan, wanda yanzu ya zama masaukin baƙi, da sunan marigayi mijinta, don kada a san da zuwanta.

Da ta shiga lungunsu sai da ta wuce gidan ta dawo. Ƙofar katakon nan da suke zana wa layi da alli suna yara an goge ta tana sheƙi, an rubuta a sama da ruwan zinare: Masaukin Gimbiya Zelinda. Zelinda sunan mahaifiyarsu ne.

Ta tura ƙofa. Wani sanyin ƙamshi na lemo da itace ya tarye ta a inda da warin sabulu da hayaƙin gawayi ke taryar mutum. An shimfiɗa kujeru masu launin zuma a zaure, an rufe rijiyar tsakar gida da gilashi an kunna fitila a ciki. Kwamin dutsen da mahaifiyarsu ta yi shekara arba'in tana wanki a ciki an cika shi da ƙasa an shuka furanni. A bakin matakala kuwa, ga hoton nan na mujalla, amma an girmama shi har ya fi ƙofa tsawo: budurwa 'yar shekara sha tara cikin doguwar rigar alharini, ta ɗaga haɓa, hannunta ɗaya a ɓoye a bayanta. A ƙasa an kafa ɗan allon tagulla mai cewa wannan ita ce Gimbiya Zelinda, ta ƙarshe a zuriyar sarakan gidan, wadda ta kulle kanta shekara arba'in bayan masoyinta ya mutu a yaƙi.

"Barka da zuwa, Sinyora, kin kama ɗa..." Matar da ke bayan tebur ta haɗiye sauran maganar. Loredana ce, matar Ermes, ta rina gashinta ja, ta rataya tabarau a wuya. "Yaya Nives! Ke ce? To me ya sa kika saka wani suna?"

"Sunan mijina ne. Ni ai na san sunan mijina. Ba ni mabuɗi."

"Da kin buga waya ai da mun shirya miki."

"Shirin ne ba na so. Ina mai gidan?"

"Ya je kasuwa sayo kabewa, sai la'asar." Loredana ta tura mata katin buɗe ƙofa da ɗan yatsa ɗaya, tana murmushin da bai wuce leɓe ba. "Lamba uku, a ƙasa. Kin san hanya."

Ta san hanya kuwa. Lamba uku ɗakin guga ne, inda ta yi ƙuruciyarta tana ninke zannuwan gadon mutane. Yanzu wani ƙaton gado ne a tsakiya da matasai har bakwai, ga bahon wanka tsirara a gefensa ba ko labule. Ta zauna a bakin gadon da takalminta. A kan ɗan tebur an jera ƙananan sabulai, kowanne a naɗe da takarda mai ɗauke da fuskar mahaifiyarta. Ta ɗauki ɗaya tana juyawa. Matar da sabulu ya cinye wa hannu har yatsunta suke tsagewa suna jini duk lokacin sanyi, yau ita ce a jikin sabulu. Nives ta buɗe akwatinta ta kwashe su duka ta zuba a ciki, ta shiga bayi ta kwaso na jikin madubi ma.

Ta san labarin hoton sarai, don daga bakin mai hoton ta ji. Rigar ta matar wani likita ce da aka kawo guga. A lokacin akwai wani mai ɗaukar hoto da ke haya a saman gidan, shi ya yi ta lallaɓar Zelinda ta saka rigar na minti biyar kawai. Ta saka, ta ɓoye hannun dama a baya saboda ƙunar dutsen guga. Mutumin bai yi shawara da kowa ba ya manna hoton a tagar shagonsa. Matar likita ta gani, ta zo har tsakar gidan nan ta mare ta a gaban 'yan haya, ta kuma bi gidajen masu hali tana cewa kada a sake ba ta wanki. Shekara guda Zelinda da uwarta suka yi suna cin tuwon masara gaya. Tun daga nan hoton yake ƙarƙashin akwati a kife, ba mai taɓa shi.

Ƙarfe biyar aka fara jin ƙarar kofuna a tsakar gida. Nives ta fito ta samu baƙi kamar goma a tsaye, kowa da kofin ruwan inabi, ana zagayawa da yankakken cuku da burodi. Ermes na tsakiya. Ya yi ƙiba, ya saka kwat mai launin toka da ɗan ƙyalle ja a aljihu, shi da ya yi rabin rayuwarsa cikin shuɗin kayan masu gyaran famfo. Ya hango ta, idonsa ya tsaya a kanta na ɗan lokaci, sannan ya kawar da kai ya ci gaba da magana kamar bai ga kowa ba.

"A waccan tagar take zama kullum da yamma," ya nuna sama, ya rage murya. "Tana jiran hafsan sojan da ya yi mata alkawari. Aka zo aka gaya mata ya mutu a cikin dusar ƙanƙara, ta ce ƙarya ne. Ku lura da hoton, za ku ga hannunta ɗaya a baya. Wasiƙarsa ta ƙarshe take riƙe da ita."

Wata mata daga Milano, mai ɗankunne kamar faifai, ta dafe ƙirji. "Wayyo! Ba ta taɓa aure ba ke nan?"

"Ko kallon wani namiji ba ta ƙara yi ba, Sinyora."

"To kai daga rijiyar nan aka tsamo ka?" in ji Nives.

Kowa ya juyo. Ba ta ɗaga murya ba, muryar aji ta yi amfani da ita, wadda ke kai wa bencin baya.

"Tambaya nake yi, Ermes. In ba ta yi aure ba, kai ɗan wa ye? Ni 'yar wa ce? Waccan tagar kuma da kake nunawa, ba nan muke shanya ɗan kamfan mutane ba?"

Wani tsoho ya yi dariya ya mayar da ita tari. Ermes ya ajiye kofinsa a hankali a kan gilashin rijiya.

"Yayata ce, jama'a," ya ce yana murmushi. "Daga Torino take, hanya ta gajiyar da ita. Loredana, ƙara wa baƙi." Ya zo ya kama ta a gwiwar hannu, kamun mai murɗa famfo, ya tura ta ta ƙofar kicin ya rufe.

"Cika ni, kar ka karya ni."

"Me ya kawo ki?"

"Na zo gaida gimbiya. An ce ina da dangi a sarauta ban sani ba."

"Kin sa hannu, Yaya. Kin ce in yi yadda na ga dama."

"Da gida na ce, ba da uwata ba! Ka ɗauki abin kunyarta, abin da ta yi shekara sittin tana kifewa, ka manna a bango ya fi ƙofa tsawo. Ka naɗe sabulu da fuskarta, baƙi suna wanke hammata suna jefa ta a kwandon shara. Ba ka da kunya, Ermes? Ina Baba a labarin nan naka? Mutumin da ya yi shekara talatin a masana'antar sukari har huhunsa ya lalace, ka shafe shi ka kawo wani soja na ƙarya."

"Baba ba ya cika ɗaki," Ermes ya ce. "Ba wanda zai taso daga Milano ya kwana a gidan lebura."

Ta ɗaga hannu za ta mare shi, ya tsaya yana kallonta bai kauce ba. Hannun ya sauka da kansa.

"Mare ni mana. A gidan nan ai an saba." Ya jawo kujera ya zauna, ya kwance maɓallin wuyansa. "Tunda kin zo neman gaskiya, malama, zauna ki sha. Shekara goma sha ɗaya Mama ta yi a kwance a ɗakin da kike ciki. Sau nawa kika zo? Ni zan gaya miki: Kirsimeti, shi ma ba kowace ba. Ki zo da kwalin cakulan, ki gyara mata matashi, ki gaya mana kurakuranmu, ki kama jirgin yamma."

"Ina da aiki. Ina da miji marar lafiya."

"Ni kuwa zaman banza nake. Wa yake ɗaga ta? Wa yake wanke ta in ta ɓata jikinta? Ni da matar nan da kike kallo kamar kashi. Shekara uku na ƙarshe ba ta san ni ba. Ba ta san sunanki ba sam, in kina son ki sani. Wata rana ta sa rigima sai an buɗe akwati an ɗauko hoton nan. Ta rungume shi ta ce ita ce. In na ce Mama ga abinci, sai ta tofar. In na rusuna na ce ranki ya daɗe gimbiya, an kawo abinci, sai ta buɗe baki. Shekara uku ina rusuna wa uwata da cokali a hannu. Ita ta naɗa kanta sarautar, ba ni ba."

Nives ba ta zauna ba. Ta tuna Kirsimetin ƙarshe, yadda tsohuwar ta miƙo mata bayan hannu maimakon ta rungume ta, ita kuma ta ɗauka ciwon kafaɗa ne.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kin tambaya? In kin bugo waya cewa kike, komai lafiya ko, to madalla, ruwana na tafasa."

"Ko da hakan ne," ta ce, "mai ciwo ce. Hankalinta ya tafi. Abin da mutum ya yi cikin ciwo a rufe yake a cikin ɗaki, ba a kai shi kasuwa. Sojan ma ita ta ƙirƙiro?"

Ermes ya kalli tukwanen da ke rataye. "Sojan nawa ne."

"Na sani. Ƙaryar ta yi kama da kai. Ka sauke hoton nan."

"Ba zan sauke ba."

"Zan sauke da kaina."

"Ƙusa takwas ne a bango, ni na kafa su. Ki gwada, in kira 'yan sanda su fitar da baƙuwar lamba uku."

Ba ta ci abincinsu ba. Ta fita ta samu wani ƙaramin gidan abinci a bayan kasuwa, ta sa aka kawo mata taliya mai cikin kabewa, irin wadda mahaifiyarsu ke yi ranar Lahadi, ta ci uku ta ture farantin.

Da safe ta fito ɗakin karin kumallo da niyyar ta sha kofi ta tafi tasha. An shimfiɗa fararen ƙyallaye a tebura, ta duba gugar da ido ta ga duk an bar layi biyu a ninki. Ba ta kai ga zama ba matar Milano ta yafito ta.

"Sinyora, don Allah zo nan. Jiya ban yi barcin kirki ba saboda maganarki. Da gaske ke 'yarta ce?"

Nives ta dubi ƙofar kicin. Loredana na tsaye a wurin da butar madara. Sai Nives ta ja kujera ta zauna, ta gyara murya yadda duk ɗakin zai ji. A ranta ta ce bari ta tona su ta tafi.

Ta ba da labarin tun daga tushe. Ta faɗi yadda kakansu ya sayi gidan lokacin da jemagu ne kawai ke son sa, ya cika shi da 'yan haya. Ta faɗi kwamin dutse, da ruwan rijiya mai ƙanƙara da asuba, da yatsun da ke tsagewa. Ta faɗi rigar matar likita, da minti biyar, da hannun da aka ɓoye saboda ƙuna, da marin da aka ji ƙararsa har saman bene, da shekarar tuwon masara. Ta faɗi mahaifinsu da tarinsa. Ciwon ƙarshe ne kawai ta riƙe ba ta faɗa ba. Tun tana yi da gayya har ta manta da gayyar, don ba ta taɓa ba wa kowa labarin nan ba, ko mijinta. Cokula suka daina ƙara. Tsohon da ya yi dariya jiya ya cire tabarau yana goge ido.

"Wannan ai ya fi na gimbiyar sau dubu!" in ji matar Milano, ta kama hannun Nives ta matse, sannan ta zunguri mijinta. "Mai wanki a rigar alharini! Vittorio, tashi ka ɗauke ni hoto a gaban kwamin nan. Sinyora, za ki tsaya kusa da ni? Kuna kama wallahi, haɓar ce sak."

Baƙi suka miƙe da wayoyinsu suka yi tsakar gida. Wasu mata biyu suna tambaya ko dutsen gugar yana nan, ko za a iya ganin sa. Nives ta juya ta ga Loredana ta ajiye butar, ta jingina da bango, tana rubutu da sauri a ɗan littafin da take ɗaukar odar abinci.

"Me kike rubutawa?"

"Matar likitan, Yaya, kin tuna sunanta? Ko da yake bari, za mu ce wata mai hali kawai. Rigar wane launi ce? A hoton ba a ganewa."

Nives ta fizge littafin, ta yage shafin, ta yi gutsi-gutsi da shi ta zuba a cikin kofin kofi.

"Yaga," Loredana ta ce ba tare da ta motsa ba. "Ai na riƙe a ka. Shekara goma sha ɗaya ina wanke matar nan, ba ta taɓa ba ni labarin ba, mijina ma rabi ya sani. Na gode."

Ermes ya shigo daga zaure da kwandon burodi, ya tsaya ya dubi matarsa, ya dubi yayarsa, ya dubi baƙin da ke layi a gaban kwami. Bai tambayi abin da ya faru ba.

"Kwana biyu kika kama," ya ce.

"Ka ba wa gimbiya ɗayan."

Ta shiga lamba uku ta ja akwatinta ta fito. Ta wuce ta gaban hoton ba ta ɗaga kai ba. Ba wanda ya raka ta ƙofa. A tasha aka ce jirgin Bologna, inda za ta canja zuwa na Torino, ya yi lattin minti arba'in, ta zauna a benci tana kallon tantabaru.

Kafin bikin Ista maƙwabciyar nan ta sake aiko da wani shafin. An cire allon tagulla an kafa sabo. Babu soja, babu wasiƙa. An rubuta labarin mai wankin da ta ari rigar masu hali na minti biyar, kusan kalma da kalma yadda Nives ta faɗa, har da sunan mahaifinsu da masana'antar sukari a layin ƙarshe. Lamba uku ya koma Ɗakin Guga, sai mutum ya kama tun wata uku kafin ya samu. Nives ta kai shafin wurin wani lauya da ta taɓa koyar da 'ya'yansa. Ya karanta, ya tambaye ta ko akwai ƙarya a ciki. Ta ce babu. Ya ce to ba shi da abin da zai yi mata.

Ba su ƙara magana da Ermes ba sai bayan shekara biyu, da 'yarsa za ta yi aure. Yarinyar ce da kanta ta bugo ta ce, Gwaggo, in ba ki zo ba na san ba ki ɗauke ni 'ya ba. Nives ta zo, amma ta sauka a wani ƙaramin masauki kusa da tasha, mai labulen roba da ƙarar jirage. Ta je coci, ta rungumi amarya, ta ba ta 'yan kunnen da ta saya mata a Torino. A bakin coci Ermes ya zo ya tsaya kusa da ita, yana kallon gaba.

"A gida za a ci abinci," ya ce. "An ajiye miki kujera."

"Ina da jirgin ƙarfe biyu."

"Akwai na shida."

"Na biyu na saya."

Ya gyaɗa kai, ya juya wurin surukansa yana buɗe hannuwa yana dariya. Ita kuma ta tsallaka titi ta tsaya a inuwa tana jiran bas.